Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Abin Da Na Gano A Akébé

Kafin in taka Gabon da ƙafata, abin da na sani game da ita bai wuce na kowane Bahaushe ba: ƙasa ce can kudu, bayan Kamaru, inda 'yan'uwanmu ke tafiya neman kuɗi su daɗe ba su waiwayo gida ba. Da zumunci ya kai ni Libreville wajen wani kawuna da ya tsufa yana kasuwanci a can, na ga abubuwan al'ajabi iri-iri. To amma ni malamin sakandare ne a Katsina, kowace shekara ina kallon yaran talakawa suna faɗi-tashi a ƙofar jami'a. Saboda haka abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda Gabon ke shigar da 'ya'yanta jami'a, da yadda wannan tsari ke ƙarewa a kan ɗan talaka a wata unguwa da ake kira Akébé.

Bari in fara da ƙasar kanta, don mai karatu ya san inda muke. Faɗin Gabon ya ninka na Jihar Katsina sau goma sha ɗaya, amma mutanenta duka ba su kai miliyan 3 ba, wato birnin Kano kaɗai ya fi su yawa. Kusan kashi 88 cikin 100 na ƙasar kurmi ne. Daga jirgi ba ka ganin gona ko burtali, sai kore shar har iyakar ganinka, koguna na ratsa shi. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya kusa milimita 3,000, wajen ninki huɗu na namu. Damina kan kama tun daga wajen Oktoba har Mayu, kuma ko a raninsu rana ba ta cika leƙowa ba, gajimare ne ke lulluɓe da sama. Allah ya ba su man fetur, ya ba su ma'adinin manganis a Moanda, ya ba su katakon okume da ake rububinsa a duniya. Duk da haka tumatir da albasa da shanu galibi daga Kamaru ake kawo su, kaji kuwa daskararru ne daga ƙetaren teku. Ranar da na fara shiga kasuwar Mont-Bouët na ji kuɗin ɗan ƙaramin tsibin albasa, sai da na sake tambaya.

Ko shiga tasi a garin nan sai ka koya. Fasinja ne ke tsayawa bakin titi, mota ta rage gudu, ya leƙa ya faɗi inda za shi da abin da zai biya. In tayin ya yi wa direba, sai ya danna hon, ka shiga. In bai yi masa ba, ko kallonka ba zai yi ba, ya ja motarsa. Mai kuɗi ya isa da wuri, marar kuɗi ya yi ta tsayuwa. Mai karatu ya riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba.

Akébé tana cikin gunduma ta uku ta birnin, kuma ba unguwa ɗaya ba ce, tarin unguwanni ne manne da juna: Akébé-Ville, Akébé-Plaine, Akébé-Poteau, ga Kinguélé a maƙwabtaka. Kan titi shaguna ne da gidajen bulo. Da ka saki kwalta ka gangara, sai ka shiga wata duniya. Tudu ne da kwari, gidajen katako da kwano sun hau kan juna, lungu ba ya ɗaukar mutum biyu a jere, wani wurin sai ka bi ta kan falanki a tsallake kwata. Irin waɗannan wurare su ne mutanen garin ke kira matiti ko mapan. A bakin hanya na ga mitocin ruwa jere reras, kowace da siririn tiyo da ya gangara ya nufi wani gida can ƙasan kwari, tiyo kan tiyo har ba ka sanin na wa ne na wa. In aka kwana ana ruwa, na ƙasa su kwana kwalfa. Kuma daga kan tudun, in ka ɗaga kai, ga dogayen benayen bakin teku can suna ƙyalli.

Mutanen unguwar kuwa, babu irin wanda babu. Ga 'yan ƙasa, Fang da Punu da Nzebi da sauransu. Ga 'yan Mali da Senegal da Benin da Togo da Kamaru, ga namu na Najeriya da Nijar. Akwai kuma Hausawan da Gabon ce ƙasarsu kaka da kakanni, waɗanda iyayensu suka biyo hanyar fatauci ta Kamaru suka zauna a Oyem da Bitam a arewacin ƙasar. Da magariba ƙamshin gasasshen naman da suke kira kupe-kupe ya cika titi, ladan ya yi kira, ka ji ana gaisawa da Hausa kamar kana Sabuwar Unguwa a Katsina. Yaran kuwa da sun juya baya sai Faransanci.

A nan, a tabarmar ƙofar shagon kawu bayan sallar isha'i, na fara jin abin da ya girgiza ni. Na tambayi wani ɗan maƙwabcinsa da ke ajin ƙarshe na sakandare ko ya yanki fam ɗin shiga jami'a. Ya dube ni bai gane ba. Kawu ya yi dariya ya ce, "Malam, nan ba a san JAMB ba. Yaro ya ci bak, shi ke nan, jami'a ta zama tasa. Gwamnati ma biyansa take yi."

Na ɗauka zolaya ce, ashe gaskiya ne. Tsarin Faransa suka gada, irin wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sani. Jarrabawar bakaloriya, wadda kowa ke kira bak, ita ce ta fita sakandare, ita ce kuma ta shiga jami'a. Ana auna maki bisa 20. Wanda ya sami 10 ya haye kai tsaye. Wanda ya faɗo tsakanin 8 da 10 a ba shi zagaye na biyu. Wasu manyan makarantu, kamar ta horar da malamai, suna da tasu jarrabawar ta tankaɗe, amma babbar jami'ar ƙasar, Jami'ar Omar Bongo, wadda aka kafa a 1970 aka sa mata wannan suna a 1978, a buɗe take ga mai bak. Sannan akwai hukuma sukutum, ANBG, da aikinta shi ne biyan ɗalibai alawus na wata-wata, har da tura wasu ƙasashen waje. Shekara da shekaru, ɗan ƙasa da ya ci bak kusan ya tabbata zai sami wannan tallafi.

Na yi shiru ina tuna yaranmu. A nemi kiredit biyar a WAEC ko NECO, a sayi fam ɗin JAMB, a yi jarrabawa da kwamfutar da wani bai taɓa taɓawa ba sai ranar, a sake wata ta jami'a, sannan a shiga neman wanda ya san wani. Kusan yara miliyan 2 ke zama jarrabawar JAMB a shekara, mafi yawansu su koma gida. A raina na ce lallai ɗan talakan Gabon ya tsinci dami a kala.

Wadda ta gyara mini lissafi wata ɗaliba ce, 'yar wata baiwar Allah mai sayar da ƙullin rogo a gangaren gidan kawu. Ta girma da 'ya'yan kawu, don haka Yaya take ce mini kamar yadda suke yi. Na ce mata ai su sun ji daɗi. Ta ce, "Yaya, ƙofar a buɗe take, amma ka tambayi shekara nawa muke yi kafin mu iso bakinta."

Ga lissafin. Yaro na shiga firamare yana da shekara 6, ya yi shekara 5, ya yi 7 a sakandare, ya zauna bak yana da 18. Wannan a takarda ke nan. A tsarinsu, wanda bai kai maki ba sai ya maimaita aji, kuma Gabon na cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan maimaita aji a duniya. Wa ke maimaitawa? Yaron da ke cikin ajin da ya haura mutum ɗari, inda na baya ba ya jin muryar malami. Yaron da makarantarsa ke raba yini biyu, wasu safe wasu yamma, saboda ƙarancin ɗakuna. Yaron da malamansa suka shafe watanni suna yajin aiki, kamar yadda aka yi a zangon 2016 zuwa 2017, alhali na makarantun kuɗi suna ta karatunsu. Ita wannan yarinya ta shiga firamare a makare saboda takardar haihuwarta ta yi jinkiri. Ta maimaita aji a shekarar yajin aiki. Ta sake maimaitawa a shekarar da ciwo ya kwantar da mahaifiyarta, ita ce ke riƙe tallar da jinyar. Babu inda ta yi wasa. Talauci ne ya riƙa cin shekarunta ɗaya bayan ɗaya.

Ana nan, a ƙarshen Maris na 2019, gwamnatin Ali Bongo ta fito da sabuwar ƙa'ida: ba za a ƙara ba da tallafin jami'a ba sai ga wanda bai wuce shekara 19 ba, kuma ya sami aƙalla 12 bisa 20 a bak. Ba a taɓa ƙa'idar shiga jami'a ba, kowa na iya zuwa ya yi rajista. Abin da aka taɓa shi ne abin da zai riƙe yaro a ciki. A nan na tuna karin maganar nan ta mutanenmu, rijiya ta bayar guga ya hana. Domin a Akébé alawus ɗin nan ba na sayen kayan ƙawa ba ne. Shi ne kuɗin tasi, shi ne na kwafar takardu, shi ne abincin rana, wani lokaci ma daga cikinsa ake cika kuɗin haya. Duk wanda aka cire daga tallafi, an cire shi daga jami'a ko da sunansa na cikin rajista.

Dubi kuma wanda ƙa'idar ta zaɓa. Mai cin bak da 12 yana ɗan shekara 18, a mafi yawan lokuta, shi ne wanda ya yi makarantar kuɗi, ajinsu bai cika ba, malaminsa bai yi yaji ba, akwai mai yi masa darasi a gida, akwai fitila da tebur. Wato wanda ubansa ke iya ɗaukar nauyinsa shi za a biya, wanda ba shi da kowa a sallame shi. Ba na raina ƙoƙarin yaron da ya ci 12, ya cancanci yabo. Amma maki 10 da aka samo a ɗakin da ke yoyo, bayan an dawo daga talla, ba ƙaramin maki ba ne.

Yaran ba su jira wani ya yi musu bayani ba. A watan Afrilu na 2019 'yan sakandare suka fito da kayan makarantarsu a Libreville da Port-Gentil da sauran garuruwa, har gwamnati ta rufe makarantun ƙasar baki ɗaya. Ɗalibar nan na cikinsu, lokacin ta riga ta wuce 19 kuma ba ta kai ajin ƙarshe ba. Ta ce abin da ya fito da su shi ne sun gane an yanke musu hukunci tun kafin su zauna jarrabawar. Gwamnati ta ja da baya, daga bisani aka ɗaga iyakar shekarun zuwa 22. Da wannan sassauci ta samu ta shiga sashen shari'a. Batun alawus a ƙasar nan ba abin wasa ba ne, shi ya sa sojojin da suka karɓi mulki ranar 30 ga Agusta 2023 ƙarƙashin Janar Brice Oligui Nguema, cikin abubuwan farko da suka yi har da maido da alawus ɗin 'yan sakandare da aka daɗe da dainawa.

Adalci ne in faɗi hujjar gwamnati, don tana da ita. Farashin mai ya faɗi a 2014, aljihu ya yi sanyi, har a 2017 ƙasar ta karɓi rancen dala miliyan 642 daga Asusun Lamuni na Duniya da sharaɗin tsuke bakin aljihu. Ga kuma dubban masu digiri a adabi da shari'a suna zaune babu aiki, alhali kamfanonin katako da ma'adinai na neman masu sana'ar hannu. Duk wannan gaskiya ne. Inda na saɓa da su shi ne ma'aunin da suka ɗauko. Tun 2007 Gabon na da hukumar inshorar lafiya, CNAMGS, wadda ke riƙe da rajistar 'yan ƙasa masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda abin da suke samu a wata bai kai sefa 80,000 ba. Gwamnatin da ta san talakanta a asibiti ba ta da uzurin rashin saninsa a makaranta. In kuɗi ba zai isa kowa ba, da buƙata ya kamata a auna, a fara da wanda in ba a ba shi ba zai zauna gida.

Wanda ya haye shingen tallafin kuma bai gama ba. Na bi ɗalibar nan na ga jami'ar da idona. An gina ta ne domin ɗalibai wajen 8,000, ta wayi gari tana ɗauke da fiye da 30,000. Tsangaya biyu ce kacal, ta adabi da ilimin ɗan'adam, da ta shari'a da tattalin arziki. 'Yan shekarar farko kan yi sammako tun duhu don kama kujera, wanda ya makara ya tsaya a taga. A nan maganar tasi ta dawo: wanda zai iya yi wa direba tayi mai tsoka shi ke samun benci na gaba, ɗan Akébé mai 'yan canji ya taka da ƙafa cikin ruwan sama. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun yi shekaru a rufe. Kuɗin rajista da ya daɗe a sefa 9,000, a 2017 aka ninka shi fiye da sau uku. In alawus ya makara a yi yaji, in an yi yaji zango ya shiga zango, digirin shekara uku ya miƙe. Tankaɗen da ba a yi a ƙofa ba, sai ya dawo a ƙarshen shekarar farko, kuma waɗanda ke zubewa su ne dai waɗanda ba su da abin jira.

Mai son kimiyya ko injiniyanci kuwa sai ya tafi jami'ar Masuku da ke Franceville, wadda aka buɗe a 1986, tafiyar fiye da kilomita 600 a jirgin ƙasa ta tsakiyar kurmi. Mai son likitanci ya nufi ta Owendo a gefen Libreville. Ga yaron da ba shi da dangi a Franceville, kuɗin jirgi da na ɗaki kaɗai sun isa su sauya masa buri. Da yawa sun karanta shari'a ne don ita ce ake iya zuwa a ƙafa.

Akwai kuma 'ya'yanmu. Tallafin na 'yan ƙasa ne, saboda haka ɗan baƙon da aka haifa a Akébé, bai san wani gari ba sai nan, in takardunsa ba su nuna shi ɗan Gabon ba ne, sai dai ubansa ya biya komai. Masu hali na tura nasu Yamai ko Kano ko Dakar. Marasa hali su ce yaro ya zo shago. Na ga samari masu kaifin kai, Faransanci a bakinsu kamar ruwa, suna auna shinkafa. Kasuwanci ba abin kunya ba ne, shi ya riƙe mu tun zamanin ayari. Abin da ke ciwo shi ne yaron bai zaɓa ba. Na faɗa wa kawu da abokansa, cikin girmamawa, cewa jama'ar da ke iya haɗa kuɗin gina masallaci da na kai gawa gida za ta iya haɗa na rajistar yara biyar a shekara.

Na dawo gida ina kallon namu tsarin da sabon ido. Jami'o'in tarayya na raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 ga jihohin da aka bari a baya a boko. Niyya ce mai kyau, kuma Arewa ta amfana. Sai dai jiha take kallo, ba gida ba. Ɗan babban sakatare a Katsina da ɗan manomin da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyen Jibiya, a wannan ma'auni duk ɗaya ne, kuma mun san wanda zai cike gurbin. A 2024 ƙasar nan ta ɗauki zafi kan ko sai yaro ya kai 18 zai shiga jami'a, har aka dawo da 16. Wannan damuwar masu gama sakandare da wuri ce. Na talaka akasin haka ne: almajirin da ya sauke Alƙur'ani sannan ya shiga boko, yarinyar da aka rufe makarantarsu saboda tsaro, magidancin da ya koma aji. Su ne ke gama digiri bayan sun haura 30 a ce ba za su yi bautar ƙasa ba, su ne tallar aiki ke cewa kada su nema. Asusun ɗalibai na NELFUND da aka kafa a 2024 ya share wa wasu hawaye, amma bashi ne, kuma ba ya isa ga wanda ya kasa sayen fam tun farko.

Abin da Akébé ta koya mini shi ne kada a auna tsarin shiga jami'a da yawan waɗanda aka rubuta sunansu. A auna shi da ɗiyar mai tallar rogo: ta shiga, ta zauna, ta fita da takarda? Ƙasa mai arzikin mai da mutane ƙalilan ta buɗe ƙofa ga kowa, amma da ta sa iyakar shekaru ba tare da duba aljihu ba, talaka ta kora. Mu da muka fi su yawa muka fi su ƙarancin gurabe, mun fi su buƙatar kiyayewa. Ina roƙon gwamnatocin jihohinmu da hukumominsu na tallafin karatu su riƙa tambayar abin da gidan yaro ke samu kafin su tambayi shekarunsa, su biya a farkon zango lokacin da kuɗin zai hana shi ajiye karatu, su kuma ware gurabe ga wanda ya makara ba da laifinsa ba. Yaron da ya iso ƙofar jami'a yana da 23 ya sha wahalar da na 17 bai sha ba, kuma bai saki ba. Irinsa ƙasa ke buƙata a asibiti da kotu da aji. Allah ya ba shugabanninmu ikon gane haka, ya kuma buɗa wa 'ya'yan talakawa, na nan da na can.